Gobirawa, Ku Sassauta Murya, Mai Begila Zai Yi Magana

Tun ranar da na yi gangancin kunna wani tsohon faifan Amurka a teburin mai shayi a Gatawa ban ƙara kurɓar shayi cikin kwanciyar hankali ba. Saƙo ta waya, saƙo ta bakin direbobin Sabon Birni, har wani dattijo daga Isa ya aiko a tambaya ko lafiyata ƙalau. Lafiya lau nake, Baba, na gode da cigiya. Yau na zo da amsa a dunƙule, kowa ya miƙo ƙwarya ya karɓi kasonsa.

Ga waɗanda abin bai faru a gabansu ba, ga yadda aka yi. Bayan la'asar ne, an cika benci. Na ɗora waya kusa da gwangwanin madara na kunna. Ba a yi minti guda ba Kawuna ya karkato hula ya ce, "Kai ɗana, yaushe za su soma?" Na ce, Kawu, ai sun soma tun ɗazu. Ya ce, "Awo? Ni na aza gyaran kaya sukai." Wani ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja ya leƙo ya ce, "Wanga mai busa bai ci tuwo ba, a dama mai hura." Mai shayi kuwa, da yake ɗan kasuwa ne ba ya son ɓata wa mai ciniki, sai ya tambaya cikin ladabi, "Mi as sunanai?"

Nan ne na jawo wa kaina. Na ce sunan faifan Birth of the Cool, in an juya shi da Hausa kusan a ce Haihuwar Sanyi. Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware. Kawu ya ce shi dai a saninsa sanyi daga arewa yake saukowa da hunturu, bai taɓa jin an yi masa ungozoma ba. Ɗan kabu-kabu ya ce in dai sanyi ne, akwai mai maganinsa da lasifika ranar kasuwa, ƙulli uku ya warke.

To, kun yi dariyarku, na yafe. Yanzu sai ku ba ni aron kunne.

Mai busar da kuka ce a dama wa fura sunansa Miles Davis, baƙar fatar Amurka, an haife shi a 1926, ya rasu a 1991. Zancen yunwa ku ajiye shi gefe: mahaifinsa likitan haƙori ne mai gona da dawakai, kuma yaron ya hau doki tun kafin wasunku su iya hawa jaki. A 1944 ya tafi birnin New York da sunan karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, sai ya ɓuge da bin wani gwanin busa, Charlie Parker, kamar yadda ɗan amshi ke bin ubangidansa gari-gari. Kiɗan jaz da ake yayi a lokacin suna kiransa bibob, kuma irin wanda kuke so ne: gudu, zafi, kowa na neman ya ƙure ɗan'uwansa. Babban mai begilar zamanin, Dizzy Gillespie, in ya sa baki sai kumatunsa su kumbura, ko mai algaitar fada sai ya tsaya kallo. Sautinsa can ƙololuwa, yatsunsa kamar ana koro su.

Miles ya duba ya ga in tsere za a yi a wannan fage, ƙurar Dizzy zai yi ta sha har tsufa. Wanda bai iya rawar wani ba, sai ya sauya kiɗa. Dama tun yana yaro malaminsa ya hana shi karkaɗa sauti, ya ce ya fitar da shi miƙe, tas, ba kwalliya. Sai ya riƙe wannan, ya rage gudu, ya sauko da murya, ya koyi barin fili tsakanin magana da magana.

Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, bayan shagon wasu 'yan Sin masu wanki da guga, a titi na 55 a New York. Ɗakin wani mai tsara kiɗa ne ɗan Kanada, Gil Evans, kuma ƙofarsa ba ta rufuwa. Nan samarin makaɗa suke taruwa su raba dare suna gardama. Ku da kuke zaman teburin mai shayi kun san irin wurin, bambancin kawai su gardamarsu ta haifi abu. Daga ɗakin nan aka haɗa ƙungiya ta mutum tara, Miles ne jagora, yana ɗan shekara 22. Sun yi wasa a wani gidan rawa mai suna Royal Roost a watan Satumba na 1948, sannan kamfanin Capitol ya shigar da su ɗakin naɗar sauti sau uku: Janairu 1949, Afrilu 1949, da Maris 1950. Kiɗa 12 suka naɗa, kowanne bai wuce kimanin minti uku ba, don iyakar abin da fuskar faifan garmaho ke ɗauka ke nan.

Kawu, da ka tambayi ungozoma, ga labarin suna. An fitar da wasu daga kiɗan a warwatse, kasuwa ta yi musu kallon da kuka yi mini, ƙungiyar ma ta watse. Sai a 1957 aka tattara su a babban faifai guda aka laƙaba masa wannan suna. Mu nan jariri kwana bakwai yake yi a raɗa masa suna. Wannan sai da ya shekara takwas, ya yi wayo, har ya haifi 'ya'ya a wancan gefen Amurka, wajen Kalifoniya, inda irin su Chet Baker suka ɗauki salon suka ci kasuwa da shi. Ko rago ba a yanka ba. Saboda haka da kuka ƙi shi a jin farko ba ku kafa tarihi ba, Amurkawa sun riga ku, kuma sun dawo sun yi tuba.

Mu taɓo ƙorafinku ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai busar ba ta da ƙarfi. Ni kuwa ina da tambaya. A fadar Isa ko ta Sabon Birni, wa kuka taɓa ji yana ɗaga murya? Sanƙira ne, da dogari, da mai neman a san ya zo. Sarki fa? Amawali a baki, magana ƙasa-ƙasa, sai an matso an kasa kunne, wani ya maimaita wa jama'a. In ya tashi tafiya, taku ɗaya sai an jira na biyu. Akwai wanda ya taɓa cewa a dama wa sarki fura don bai yi ihu ba? Kun kira abin ƙasaita, kun kira shi natsuwa. To kalmar nan da na fassara muku da sanyi, na yi muku rowar fassara ne don ku samu abin dariya. Abin da take nufi a bakin baƙaƙen Amurka shi ne wannan natsuwar: mutum ya riƙe kansa, ransa na tafasa fuskarsa ba ta nuna ba.

Begila kuwa kun san aikinta. Ita ke tada soja daga barci, ita ke gaban 'yan badujala ranar fareti. 'Yar'uwarta ta gida, kakaki, tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15, ake jin ta a ƙasar Hausa, kuma ba a busa ta don talaka. Doguwa ce ta fi mai busa ta tsawo, muryoyinta ba su da yawa, aikinta ta tsaga gari ta ce mai gari ya fito. Wato ƙarfen busa, a nan da can, bara ne mai shela. Abin da Miles ya yi shi ne ya ɗauki kayan sanƙira ya yi maganar sarki da shi. Ku da kuka gaji sarauta tun daga Alƙalawa, ku ya kamata ku fara ganewa, sai ga shi ku ne kuke neman a ƙara murya.

Ɗan kabu-kabu, kai da ka raina ƙarfinsa, matso. Mutumin nan ɗan dambe ne, yana zuwa wurin horo yana dukan buhu, gwaninsa kuwa zakaran damben Amurka Sugar Ray Robinson. A watan Agusta na 1959 yana tsaye a ƙofar gidan rawa na Birdland inda yake aiki, ɗan sanda ya ce ya gusa. Ya ce aiki yake a nan, ga sunansa a allo. Aka rufe shi da kulki har jini ya ɓata masa kwat, aka kai shi caji ofis. Hotunan suna nan. Wanda ya tsaya haka a Amurkar wancan zamani, yana baƙar fata, ba fura yake nema ba. Ruwan da ya yi shiru shi ke cin mutum, masu tsallaka gulbi da damina sun fi ni sani.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma daga Isa ya zo: kiɗa ba waƙa, ba a ambaci kowa ba, ba a zuga kowa ba, ba a yi wa kowa zambo ba, to me aka yi ke nan? Baba, na karɓi rabin wannan. Gaskiya ne, cikin 12 ɗin nan guda ɗaya tak ke da muryar mawaƙi, shi ma an bar shi a waje lokacin da aka tattara faifan 1957. Kuma gaskiya ne wanda ya tashi a ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa yana da hujjar yin rowar yabo. Mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir Ahmadu na Isa, mai Bakandamiya. A shekarun da waɗancan tara suke gardama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, shi yana nan da ransa yana ɗinka magana a fadar Isa. Zamani ɗaya suka yi, ba wanda ya san da wani.

Amma Baba, don girman Allah, sa faifan Narambaɗa yau da dare, ka toshe kunnen da ke jin Hausa, ka buɗe ɗayan. Me ya rage? Kotso yana tafiya a hankali, ba ya gaggawa. Jagora ya ajiye magana, ya ja baya. 'Yan amshi su ɗauka, wani a sama wani a ƙasa, muryoyin su saƙu kamar zaren saƙi, har ka kasa cewa ga inda ta wane ta ƙare. Sai ya dawo ya ɗora kalma ɗaya daidai inda ta dace. Ai ba da ihu ya gagari mawaƙa ba, da sanin wurin ajiye magana ne.

To haka aka gina ƙungiyar mutum taran nan. Shida masu busa ne, uku masu riƙe tafiya: mai fiyano, mai ganguna, da mai wani ƙaton goge da ya kai tsayin mutum, wanda ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Masu busar an jera su bibbiyu kamar muryoyin mutane. Begila da ƙaramin saksafon suna sama suna jan zance. Babban saksafon da wani ƙaton ƙaho mai suna tuba suna can ƙasa kamar muryar dattijo da asuba. Wasu ƙahoni biyu suna tsakiya suna cike gibi. Miles da kansa ya ce so yake su yi kamar taron mawaƙa. Wato 'yan amshi ne aka ƙera da tagulla. Ka saurari wanda ake kira Boplicity ka ji yadda shidan ke numfashi tare. Af, kuma ka ce ba a ambaci kowa ba: a kan wannan kiɗan, maimakon sunan waɗanda suka tsara shi, sunan mahaifiyar Miles aka rubuta, Cleo Henry. Ɗan da ya sa sunan uwarsa a faifai ai ba a ce bai iya yabo ba.

Masu cewa duk abin barci ne, ku ma ga naku. Kiɗan da ke buɗe faifan, Move, gudu yake kamar sukuwar sallah. Mai gangar, Max Roach, ba ya ɗaga ƙafa. Abin da ya ruɗe ku shi ne mahayan ba sa ihu, rawaninsu bai karkace ba. Wanda ya yi sanyi sosai shi ne Moon Dreams, kuma wannan na yarda, kada direba ya saurare shi a kan hanya.

Ƙorafi na uku: abin Turawa ne, ina ruwan Bagobiri? Da farko dai jaz jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki namu na Afirka ne suka ƙirƙiro shi, kira da amshin da ke cikinsa a jirgin ruwa ya tsallaka. Akwai Turawa a cikin taran, irin su Gerry Mulligan da Lee Konitz, har wasu baƙaƙen makaɗa suka yi wa Miles ƙorafi a kan haka, ya ce shi iya busa yake dubawa, ba launin fata ba. Na biyu, kun makara da wannan tambaya. A 1960 babban mai begilar duniya Louis Armstrong ya zo Nijeriya, akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardauna Ahmadu Bello suna dariya. In Gamji bai ce ina ruwansa ba, kai wane ne a teburin shayi? Daga 1981 zuwa 1985 kuma wani gwanin jaz Musulmi, Yusef Lateef, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin sarewar Fulani. Mutum ya baro Amurka ya zo koyon abin da kuke ji kyauta a bakin fadama kuna wucewa.

Abin da zai fi yi muku ciwo na ajiye shi ƙarshe. Taubasanku Yarbawa sun riga ku. Tun 1954 Victor Olaiya, mai begila, ya kafa ƙungiyarsa a Legas ya sa mata suna Cool Cats, wato da kalmar nan da kuke yi wa dariya. Fela ma begila ya je ya koya a Landan a 1958 kafin duniya ta san shi. Yanzu in Bayarabe ya tare ku a tasha ya ce Bagobiri bai san kiɗa ba sai an yi masa tsawa, me za ku ce? Zane shida a wannan kunci, bakwai a wancan, goma sha uku cif, amma kunne biyu sun gagara aiki? Ni dai ba zan shiga tsakaninku ba, wasanku ne tun kaka da kakanni.

Malam kuma, da ka aiko cewa duk wannan lagawu ne, na ji, kuma ba ni da bakin ja da kai. Sai dai ranar da wayarka ta yi ƙara a cikin aljihu muna zaune, abin da ya fito ba karatu ba ne, kotso ne. Na rufa maka asiri a ranar, yau ma ban faɗi suna ba.

Bari in ajiye wasa na ɗan lokaci. Kun san abin da ya sa na kunna faifan da la'asar, ban jira dare ba: hirar dare ta yi wuya a ƙasarmu. Shekarun nan kunnen mutumin Gatawa da Sabon Birni da Isa ya ji ƙarar da ta ishe shi, irin wadda ke sa uwa ta lalubi 'ya'yanta cikin duhu. Wasu da muke shan shayi da su suna Maraɗi, wasu suna inda ba a dawowa, Allah Ya jiƙansu. Ban ce faifai na maganin wannan ba, wanda ya ce haka ya raina mutane. Amma na ga dattawan da aka ƙone wa rumbu sun fito da safe da riga wankakkiya, an ce ina kwana sun ce lafiya lau, murya ba ta rawa. Mutanen da suka ƙirƙiro salon nan su ma daga cikin wulaƙanci suka koyi riƙe fuska. Da na ji begilar nan tana magana a hankali, ba kuka ba ihu, muryar waɗannan dattawan na ji. Shi ya sa na kawo muku, na zaci za ku gane ɗan'uwanku.

To, mu koma inda muke. Sharaɗina mai sauƙi ne. Kada ku saurara a tasha, kada ku saurara ana gardamar siyasa. Ku bari sai hunturu ya sauko, an idar da asuba, an hura wuta a tsakar gida, hazo bai tashi ba. Minti uku kawai. In kun ji ba komai, ku zo in biya shayi da burodi, har da ƙwai. In kuwa kun ji wani abu ya motsa, ragon sunan da ba a yanka ba tun 1957 yana wuyanku, kuma a gidana za a soya.

Na san za ku ce ba wanda zai faɗa wannan tarko. Shi ya sa zan rufe da labarin da aka roƙe ni in ɓoye. Kwana uku bayan abin da ya faru, yaro ya yi sallama a ƙofar gida da wata 'yar waya a hannu. Ya ce Kawu ya ce a tura masa "kiɗin mai ciwon sanyin nan". Na ce, ashe? Ya ce wai ba don kansa ba, jikansa ne ba ya barci, ana son abin da zai kwantar da shi. Na tura, ban ce komai ba.

Kawu, Allah Ya ja da ranka. Jikan nan naka ai tun bara yana Maraɗi wurin uwarsa.